ABU, BUK ko jami'ar kuɗi? Ƙanwata tana son digirin jinya, ina neman shawara kan ɗawainiya

Yayan Ɗaliba

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta samu maki 251 a JAMB, kuma digirin aikin jinya take so. Mu 'yan Funtuwa ne. Mahaifinmu ya yi ritaya, ɗawainiyar karatunta a wuyana take, albashina naira dubu 140 ne a wata, ga iyali. ABU ta sa a zaɓin farko, amma a gida ana cewa a canza mata zuwa BUK, saboda muna da goggo a Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano, za ta iya zama a wurinta. Akwai kuma wata jami'a mai zaman kanta da ta ce za ta ba ta gurbi nan take, naira miliyan ɗaya da rabi a shekara, a biya kashi biyu. Kawunmu ya ce shi zai ɗauki shekarar farko.

Abin da nake so masu sani su warware min: bashin NELFUND ɗin nan, wato hukumar gwamnati mai ba ɗalibai bashin karatu, me yake biya, kuma da gaske babu kuɗin ruwa a ciki? Ta yaya zan auna waɗannan wurare uku kafin mu yanke? Akwai tallafin karatu da sabuwar ɗaliba za ta iya nema? Allah Ya saka da alheri.

Malamin Lissafi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka fara da tambayar nawa ne kuɗin rijista. Fara da nawa za a kashe daga ranar da ta shiga har ranar da ta karɓi shaidarta. Digirin jinya shekara 5 ne, don haka duk adadin da aka faɗa maka ka ninka shi sau biyar tukuna.

Ɗauki jami'ar kuɗin. Miliyan ɗaya da rabi sau 5, miliyan 7 da rabi ke nan, in ba su ƙara ko sisi ba har ta gama, kuma ba wanda zai rubuta maka alkawarin ba za su ƙara ba. Albashinka na shekara gaba ɗaya miliyan ɗaya da dubu 680 ne. Wato kuɗin makaranta kaɗai ya kusa cinye duk abin da kake samu, ba a zo maganar ci da sha ba. Kawu ya ɗauki shekara ɗaya, Allah Ya saka masa, sauran huɗun fa? Nan ne gidaje da yawa suke faɗawa rami: a biya aji ɗaya da aji biyu da kyar, a aji uku a kasa, makaranta ta hana ta shiga jarrabawa, in an nemi takardar sakamako don a mayar da ita wani wuri a ce sai an biya bashin da ake bi. Jami'ar gwamnati kuma ba ta cika karɓar mai sauyin makaranta a kwas irin jinya ba, saboda gurabenta ƙididdigaggu ne. Sannan NELFUND ba ta ba ɗaliban makarantu masu zaman kansu bashi. A ganina, in ba kawu zai ɗauki duka shekara biyar ɗin a gaban shaidu ba, a ajiye wannan zaɓi, a roƙe shi ya ba da kuɗin nan a raba shi a kan shekarun jami'ar gwamnati. Abin da zai ƙare a shekara ɗaya a can zai iya riƙe rijistarta shekaru da dama a nan.

Jami'o'in tarayya a ƙa'ida ba sa karɓar kuɗin koyarwa. Abin da ake biya kuɗin hidimomi ne: jarrabawa, ɗakin gwaji, asibiti, laburare, intanet, katin shaida da sauransu. Amma tun 2023 waɗannan sun tashi sosai, ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun shekarar, ga kuɗin wuta. A ƙarin da BUK ta yi a shekarar, rijista ta kama daga wajen naira dubu 100 zuwa sama da dubu 200 gwargwadon kwas, kuma jinya tana cikin masu tsada. Kada ka dogara da adadin da wani ya tuna; ka nemi jadawalin kuɗin shekarar nan daga shafin jami'ar, ka duba layin sababbin ɗalibai daban, na tsofaffi daban, domin na sababbi ya fi yawa.

Yanzu ka ɗauki takarda ka ja layi biyu, ABU da BUK, ka cike waɗannan a kowanne: rijista, gado a hostel ko haya, abinci na wata 9 zuwa 10, kuɗin mota na kullum, kuɗin motar zuwa gida, kayan karatu, sai kashi 15 cikin 100 na jimillar saboda tashin farashi. Za ka ga abinci da wurin kwana sun fi rijista nauyi. A ce tana cin naira dubu ɗaya da ɗari biyar a rana, wata 10 dubu 450 ne. Shi ya sa gidan goggo ba ƙaramin abu ba ne a lissafin nan. Amma Funtuwa kusa take da Zariya, Samaru da Shika, inda harabar ABU da asibitinta na koyarwa suke, duk a kan hanyarku suke, ana iya aika mata tsaba, manja, garin kwaki da wake daga gida duk ƙarshen wata a motar haya. Wannan ma kuɗi ne, a sa shi a lissafi.

Abu na ƙarshe, yajin aiki. Na ASUU a 2022 ya ɗauki wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, na 2020 kuma wajen wata 9. Mai gidan haya bai san yajin aiki ba, kuɗinsa na shekara ne. Wannan shi ne abin da masu tallar jami'ar kuɗi suke faɗa kuma gaskiya ne, sai dai hayar shekara guda da aka yi asara ba ta kai bambancin miliyoyin nan ba.

Ma'aikacin Rijista

Bari in ɗauki maganar NELFUND filla-filla, domin ana yawan ruɗuwa a kai.

An fara sa hannu a dokar bashin ɗalibai a Yunin 2023, aka soke ta aka yi sabuwa, Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a 3 ga Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a 24 ga Mayun 2024. Tsohuwar dokar ce take neman masu tsaya wa ɗalibi, kuma ta ce sai wanda kuɗin shigar gidansu bai kai dubu 500 a shekara ba. Sabuwar ta cire waɗannan sharuɗɗa biyu. Don haka albashinka ba zai hana ta samu ba.

Bashin kashi biyu ne. Na farko kuɗin makaranta, wanda ake tura wa jami'ar kai tsaye, ba ya biyowa ta hannun ɗalibi. Na biyu kuɗin kashewa, naira dubu 20 a wata, shi ne yake shiga asusun ɗalibar. Tana iya neman na farkon kaɗai, tana iya haɗa biyun. Babu kuɗin ruwa: abin da aka biya mata shi za ta mayar. Biya yana farawa shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa. Mai albashi ana cire kashi 10 cikin 100 daga albashinsa ta hannun wanda ya ɗauke shi aiki, mai sana'ar kansa kuma shi zai riƙa tura kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aiki ba akwai hanyar neman a ɗaga masa da takardar rantsuwa, amma yin ƙarya a cikinta laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci.

Abin da za ta tanada: lambar rijistar JAMB, NIN, BVN, asusun banki da sunanta, takardar samun gurbi, da lambar ɗalibta idan an ba ta. Nema kyauta ne, a shafin hukumar da adireshinsa ya ƙare da gov.ng. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai "shigar" da ita, ɗan damfara ne.

Inda abin yake lalacewa wuri uku ne.

Na ɗaya, saɓanin suna. Mu a nan an saba a rubuta yarinya da sunan uba a firamare, a WAEC a ƙara na kaka, a NIN a sa sunan gari, a banki a juya tsarin. Ranar haihuwa ma haka. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, in harafi ɗaya ya bambanta tana iya ƙin tantancewa. Tun yau ka jera takardar JAMB, ta NIN da bayanan BVN ɗinta a gabanka ka karanta su harafi-harafi. In da gyara, a fara shi yanzu, domin gyaran NIN yakan ɗauki makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, ɗaliba ba ta iya nema sai jami'arta ta ɗora sunanta a rumbun hukumar. In ta shiga aka ce ba a ga bayananta ba, ba laifin shafin ba ne, ta je ofishin da jami'ar ta ware wa NELFUND ko sashen harkokin ɗalibai da takardunta.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarka: lokaci. Jami'a tana ba da wa'adin rijista na 'yan makonni, ta rufe, ta sa tarar makara. Kuɗin NELFUND kuwa sai an tantance ɗaliba, jami'a ta tabbatar, sannan a tura, kuma sau da yawa yana isowa bayan wa'adin. A aikace sabuwar ɗaliba takan biya rijistar farko daga aljihu, in kuɗin ya iso ta nemi a mayar mata. Hukumar ta umarci makarantu su riƙa mayar wa waɗanda suka riga suka biya, amma an yi ƙorafin jinkiri a wurare da yawa a 2025. Don haka rijistar shekarar farko a tanade ta a hannu, ga inda kuɗin kawu zai yi amfani. A biya ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati, da lambar biya ta RRR da ta fito daga shafin ɗalibar kanta, a buga rasit ɗin biyu, a ɗauki hotonsa a waya. Ba rasit, ba mayarwa. Wasu jami'o'in sukan bar masu jiran NELFUND su yi rijista kafin kuɗin ya iso. Ta tambaya a ofishin kuɗi na jami'ar, kada ta ɗauka haka ne a ko'ina.

Kuma ba sau ɗaya ake nema a huta ba. Kowace shekarar karatu sai ta sake shiga ta nema idan an buɗe wa makarantarsu.

Malama Nas

Yayanta, Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya mata. Malamin Lissafi ya ce shekara 5, haka ne a aji, amma bayan nan akwai shekara guda ta horon aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Waɗannan biyun ana biyan ta a cikinsu, alawus ɗin bautar ƙasa yanzu dubu 77 ne, don haka nauyinka na gaske shekara biyar ɗin ne.

Akwai kuɗaɗen da ba sa fitowa a jadawalin rijista. Hukumar NMCN, mai kula da aikin jinya da ungozoma, tana yi wa ɗalibai rijistar shiga kundinta, da kuɗinta. A aji huɗu akwai jarrabawar zama cikakkiyar nas, a aji biyar akwai ta ungozoma ko ta lafiyar al'umma gwargwadon tsarin makarantar, kowacce da kuɗinta, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Ga yunifom aƙalla biyu, farin takalmi, abin sauraron ƙirji, abin awon jini, agogon ƙirji, littafin da ake sa hannu a kan ayyukan da ta yi, kuɗin mota da na kwana idan an tura su asibitin ƙwaƙwalwa ko ƙauye, sai aikin binciken kammalawa. Aji ɗaya shi ne mafi sauƙi. Tsadar tana farawa daga aji uku, daidai lokacin da 'yan'uwa suka gaji da taimako. Ka ware wani abu kaɗan duk wata tun yanzu saboda shekarun nan, ko dubu biyar ne, a asusun da ba ka taɓawa.

Game da jami'ar kuɗin, ko da kuɗin yana nan, tambaya uku a yi musu a rubuce. NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da kwas ɗin jinyarsu? NMCN ta amince, kuma ɗalibai nawa ta yarje musu su ɗauka a shekara? A wane asibiti suke koyon aiki? Makaranta tana iya ɗaukar fiye da adadin da aka ba ta, sai a zo shiga kundin hukuma a bar ragowar a waje, su biya kuɗin shekaru ba damar zana jarrabawar lasisi. Kuma "gurbi nan take" ɗin nan a tabbatar ya fito a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu. Gurbin da bai bi ta CAPS ba yana hana suna shiga jerin da ake tura wa bautar ƙasa. Haka in wani ya kawo muku maganar karatu mai sauƙi a Kwatano ta ƙasar Benin: a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a can cikin mako shida, daga baya ta ce jami'o'i 8 kaɗai ta amince da su a ƙasashen biyu.

Wurin kwana kuma ba maganar kuɗi kaɗai ba ce ga 'ya mace. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumbar 2023, da na Dutsin-Ma a Oktoban shekarar, daga gidajen haya na wajen makaranta aka ɗauke su. Ban kawo wannan don in tsorata ka da Zariya ko Kano ba, sai don kada arhar ɗaki a bayan gari ta ruɗe ku. Gadon hostel ya fi haya arha nesa ba kusa ba, sai dai bai wadatar ba, wanda ya riga biyan rijista shi yake riga samu. Wannan ma dalili ne na kada a zauna jiran NELFUND a shekarar farko.

Kada kuma ku raina kwalejin jinya ta jiha. Yanzu da yawansu sun koma tsarin ND da HND, ta JAMB ake shiga, lasisin nas ɗin kuma ɗaya ne daga NMCN. In gurbin jami'a bai samu ba bana, ya fi zaman shekara a gida, daga baya ta ɗora digiri tana aiki.

Abu Sumayya

Ƙari kan tallafin da ba bashi ba. Yawancinsu ba sa ɗaukar 'yan aji ɗaya, domin sakamako suke dubawa. Na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya daga aji biyu ake nema, ana son maki 4.0 cikin 5.0, sannan a zana jarrabawa a kwamfuta. A 2025 aka ɗaga na masu digirin farko daga dubu 300 zuwa dubu 450. Na gidauniyar MTN da na kamfanonin mai su ma sakamako suke bi, kowanne da kwasa-kwasan da yake ɗauka, a karanta sanarwar kafin a ɓata kuɗin intanet. Tsarin BEA na tura ɗalibai ƙasashen waje kuwa gwamnati ta sanar da daina shi a 2025, kada wani ya karɓi kuɗinku a kansa. Abin da wannan yake nufi shi ne, makinta na aji ɗaya kuɗi ne. Ka gaya mata haka tun kafin ta tafi.

Na jiha a nema, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, a sa ido kan sanarwar hukumar tallafin karatu ta Katsina. Amma kada a gina lissafi a kansa, ba shi da yawa kuma ba ya zuwa a kan kari.

Sai abu ɗaya da nake so a auna. Babu ruwa a bashin nan, amma bashi ne, sunanta ne a kai. A ce rijista dubu 200 sau 5, miliyan ɗaya. In ta haɗa da dubu 20 na wata 10 a shekara, wani miliyan ɗayan ne. Miliyan 2 a albashin dubu 150, ana cire dubu 15 a wata, shekara 11 ke nan tana biya. Ni shawarata a ci na makaranta, a bar na kashewa in gida zai iya.

Malamin Lissafi

Abu Sumayya, lissafinka daidai ne, amma ban bi ka a shawarar ba. Albashin nas ba zai tsaya a dubu 150 shekara 11 ba, kuma tunda adadin bashin ba ya ƙaruwa, naira dubu 20 ta yau ta fi ƙarfin wadda za ta mayar nan da shekara 9. Mai albashin dubu 140 da iyali in ya ƙi wannan, ƙarshenta zai ci bashin manhajojin waya ko na banki mai ruwa a watan da abin ya ƙure. Ta karɓa, da niyyar biya, a zaunar da ita a gaya mata amana ce. Inda na yarda da kai shi ne idan a gidan goggo za ta zauna ana ciyar da ita, to na makarantar kaɗai ya isa.

Yayan Ɗaliba

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Mun ajiye maganar jami'ar kuɗi, zan je wurin kawu da lissafin a takarda. Na duba, a NIN ɗinta akwai sunan kakanmu, a JAMB babu. Wanne za a gyara? Sannan in mun zaɓi BUK, har yanzu ana iya canzawa?

Ma'aikacin Rijista

JAMB daga NIN take ɗauko suna lokacin rijista, don haka ka fara duba ko an taɓa NIN ɗin bayan ta yi rijistar. Ka sa sakamakon WAEC ko NECO a tsakiya, shi ne mafi wuyar canzawa, sauran su bi shi. In NIN ce ta saɓa, a gyara ta a wurin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, sannan a je banki a daidaita BVN. In JAMB ce, ana gyaran bayanai a ofishinsu na jiha ko cibiyar kwamfuta da suka amince da ita.

Canjin makaranta ma a can ake yi, kuɗinsa naira 2,500, ban da abin da cibiyar take karɓa na aikinta. Amma sai BUK ba ta rufe rijistar tantancewarta ba, in ta rufe kuka canza, kun bar ABU kuma ba ku shiga BUK ba. A duba sanarwar jami'ar tukuna. Jinya tana da cunkoso a duka biyun. Gurabe ana raba su kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilmin boko, kuma Katsina tana cikin kason ƙarshen nan. Ta ɗora sakamakonta na sakandare a CAPS, in babu shi ba a duba ta ko makinta nawa ne.

Kafin ku canza, ku auna gidan goggo da taswira. Gyaɗi-Gyaɗi maƙwabtan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ne, inda za ta yi shekarun asibiti, nan kam ta huta. Amma shekarun farko a harabar jami'a ake yin su, wajen Kabuga da hanyar Gwarzo, ɗaya gefen garin. Ka sa wani ya tambayar maka kuɗin Adaidaita Sahu zuwa da dawowa, ka ninka da kwana 22 a wata, ka kwatanta da gadon hostel. Kuma a tambayi goggo da mijinta kai tsaye ko shekara biyar suke nufi, da ci da komai, a ji daga bakinsu kafin a biya kuɗin canjin.